Mako bakwai da sauya wa Hajiya gwiwa: yaushe sujada a ƙasa, yaushe ɗawafi da ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Makka nake rubutowa, wajen Shara Mansur. Mahaifiyarmu tana da shekara 63, tana da ciwon suga, an sauya mata gwiwar dama yau mako bakwai. Har yanzu gwiwar tana kumbura, da ɗumi in an taɓa, kuma ba ta samun barcin kirki. A zuwanta na ƙarshe wurin masu fisiyo, wato masu sa ta atisayen motsa gaɓa, sun auna sun ce lanƙwasawar digiri 85 ce, ƙafar kuma ba ta miƙewa sosai. Saboda kukan da take yi in ana lanƙwasa mata, yayyenmu suka ce a bar ta ta huta tukuna, yau mako biyu ba mu kai ta ba. Ita kuwa abu biyu ke cin ranta: ta yi sujada a ƙasa, ta kuma yi Umrar azumi da ƙafarta, ga azumi saura wata uku. Wata ƙawarta da aka yi wa irin aikin ta yar da sanda tun a wata guda. Ko aikin ne bai yi kyau ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Ni likitan fisiyo ne, ban ga ƙafar ba, ban ga hoton ƙashin ba, don haka maganar likitan da ya yi aikin tana gaba da tawa. Amma abin da kika rubuto ya ishe ni in gaya miki wani abu kai tsaye. A duk abin da kika lissafa, wanda ya tsaya mini a rai shi ne wanda kika faɗa a tsakiyar magana kika wuce: 85 ɗin nan, da mako biyun da aka yi a gida. Kumburi da ɗumi da rashin barci da sanda, duk waɗannan lokaci ne maganinsu, ba su nuna aikin ya ɓaci ba. Lanƙwasawa ita ce ba ta jiran kowa. A gidaje da yawa ana juya lamarin: a yi ta gaggawar yar da sanda, a yi ta haƙuri da gwiwar da ke sandarewa.

Ya kamata yayyenku su san abin da aka yi a cikin ƙafar nan, don tsoronsu daga nan ya taso. Ba a cire gwiwa a jefar. Likita yana shafce bakin ƙashin cinya da bakin ƙashin ƙwauri, inda guringuntsi ya cinye, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sa wata roba mai tauri a tsakani, galibi kuma a manne ƙarfen da wani siminti na ƙashi. Simintin yana kamawa tun mara lafiya bai bar ɗakin tiyata ba. Shi ya sa ake tayar da mutum ya taka a ranar ko washegari. Lanƙwasawar da ake yi mata a fisiyo ba za ta kwance komai ba. Abin da ke mata ciwo naman da aka yanka aka ɗinke ne, da fatar gaɓar da ta kumbura.

To, jiki yana ɗinke rauni ne da wani nama mai zare-zare, irin wanda ake gani a tabo. A waje tabo ne kawai, a cikin gaɓa kuwa, in an bar shi ya kwanta yadda ya ga dama, sai ya manne abubuwan da ya kamata su riƙa zamewa a kan juna. A makonnin farko yana da laushi, yana bin inda aka ja shi. Wajen mako na 12 ya fara ƙwari, abin da aka samu bayan nan kaɗan-kaɗan ne kuma da wahala. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, Hajiya kuma ta ci fiye da rabin wannan lokacin.

Ga abin da lambobin ke nufi a rayuwar yau da kullum. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasa kamar digiri 65. Hawan bene wajen 85, saukowa 90 zuwa 100. Tashi daga kujera ba tare da kokawa ba, 90 da 'yan kai. Da 85 ɗin da take da shi za ta yi tafiya, amma saukowa daga bene sai a kaikaice, shiga mota sai an ɗaga mata ƙafa, maganar sujada kuwa ba ta ma taso ba. Mu abin da muke nema shi ne 90 a cikin mako biyun farko, 110 ko fiye wajen mako na shida zuwa na takwas. Mai ciwon suga kuma ta fi wasu saurin sandarewar gaɓa, wannan sananne ne.

Saboda haka a wannan makon, ba mai zuwa ba, ku koma wurin likitan da ya yi aikin, ku gaya masa lambar da bakinku. Zai duba ko akwai wani dalili a ciki. In babu, ko dai ya ce a ƙara ƙaimin fisiyo na ɗan lokaci a sake aunawa, ko ya ba da shawarar a sa ta barci na 'yan mintoci ya lanƙwasa gwiwar da hannunsa, ya tsinke zaren da ya manne. Ba yanka ba ne, ba a buɗe ɗinki. Yana kuma fi yin amfani in an yi shi cikin wata ukun farko. Kada ku firgita in ya ambace shi, kada kuma ku ce sai bayan Sallah.

Kukan da take yi kuwa, ban raina shi ba. Mace da ta haihu ta yi renon 'ya'ya, in ta yi kuka a kan gwiwa, ciwon gaske ne. Amma maganinsa a gyara yadda ake aikin, ba a daina shi ba. A ba ta maganin ciwon da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin a fara. A yi kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar a yini, maimakon murɗa guda mai tsanani sau biyu a mako. Ja da ɗaurewa da zafin da za ta iya magana a cikinsa, wannan daidai ne. Zafin da ke sa ta riƙe numfashi ta ƙanƙame tsoka, ya wuce gona da iri, domin tsokar da ta ƙanƙame ba ta sakin gaɓa. In mai fisiyon da take gani mai dannawa ne da ƙarfin tsiya, ku gaya masa, ko ku nemi wani. Ni na fi son mara lafiya ta lanƙwasa da kanta: ta zauna a kujera, ta ja ƙafar baya a kan tayil da safa a ƙafarta, in ta kai iyaka ta kafe tafin ƙafar a ƙasa ta ɗan matso da mazauninta gaba, ta ƙirga ashirin, ta saki. Ko tana kwance ta ja diddige zuwa jikinta da mayafi a naɗe a tafin ƙafa. Da ta kai wajen 105 zuwa 110, keken motsa jiki na ɗaki zai fara juyuwa, ana ɗaga sirdinsa sama a fara da gaba-baya kafin zagaye cikakke.

Miƙewa ma kada a manta da ita, don a wurina ta fi lanƙwasawa muhimmanci ga tafiya. Gwiwar da ba ta miƙe sarai ba, tsokar cinya ba ta hutawa ko mutum a tsaye yake, sai gajiya da ɗingishi da ciwon baya. Ina kyautata zaton akwai matashi a ƙarƙashin gwiwar Hajiya yanzu haka, don kusan kowane gida haka ake yi, daɗinsa ake ji. A cire shi. Matashin a ƙarƙashin diddige yake zama, gwiwar tana reto a sarari, minti biyar zuwa goma, sau da yawa a yini, tana danna bayan gwiwar ƙasa tana ɗaure tsokar gaban cinya. Bayan kowane zama a sa ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20, ƙafar a ɗage sama da ƙirji.

Yanzu ga inda ake son haƙuri na gaske. Kumburi da ɗumi a gwiwar da aka sauya sukan kai wata uku zuwa shida, wasu har shekara, musamman da yamma ko bayan ta yi zirga-zirga. Gefen tabon ta waje za ta ji fatar kamar ba tata ba, saboda wata 'yar jijiya da ke ratsa wurin da wuƙa ba ta iya kauce mata. Wurin yakan ragu, wani lokaci ba ya ɓacewa duka, kuma ba ya hana komai. Ƙas-ƙas ɗin da za ta riƙa ji ƙarfe ne ke taɓa roba. Barci yakan dagule wata biyu ko uku. Tsokar gaban cinya kuma, wadda ita ce ke riƙe mutum in zai zauna ko zai sauko daga bene, takan rasa fiye da rabin ƙarfinta a watan farko bayan aikin, a kan raunin da ta riga ta yi shekarun da Hajiya ta yi tana lallaɓa ƙafar. Dawo da ita aikin wata shida ne zuwa shekara. Babu allura, babu abinci, babu addu'ar da ta ɗauke wa mutum yin atisayen. Addu'a da atisaye tare suke tafiya.

Ƙawar tata da ta yar da sanda a wata guda, Allah ya ƙara mata lafiya, amma a daina kawo labarinta a gaban Hajiya. Babban abin da ke nuna yadda gwiwa za ta lanƙwasa bayan aiki shi ne yadda take lanƙwasawa kafin aiki. Ga nauyin jiki, ga suga, ga halin da ɗaya gwiwar ke ciki. Ban da haka, yar da sanda ba shi ne warkewa ba. Na fi son in ga mace da sanda tana taku daidai, da in gan ta hannu sake tana jan ƙafa, don ɗingishin da jiki ya koya yana da wuyar mantawa. Sandar a hannun hagu za ta riƙe, tunda dama aka yi wa aiki. A bene, mai lafiya ce ke fara hawa, mai ciwo ce ke fara sauka. Gaskiya guda kuma da ba a cika faɗa wa mutane kafin aiki ba: kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan ci gaba da jin wani abu a gwiwar ko bayan ta warke. Yawanci ya fi ciwon da sauƙi nesa ba kusa ba, amma gwiwar 'yar shekara ashirin ba ta dawowa.

Akwai alamomin da ba a haƙuri da su ko na kwana ɗaya. Sharaɓa ta kumbura ta yi tauri tana ciwo, wannan yana iya zama gudan jini a jijiya. In numfashi ya sarƙe ko ƙirji ya soke farat ɗaya, a kira motar asibiti a 997 nan take. Zazzaɓi, ja yana yaɗuwa daga tabon, ruwa ko mugunya na fita, ko ciwon da ya lafa ya dawo da ƙarfi har ta kasa takawa, a tafi asibitin da aka yi aikin a ranar. Kada a ba ta ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin durowa, domin yana ɓoye cutar, in likita ya zuƙi ruwan gaɓar don gwaji ya kasa gane wace ce. Shigar ƙwayoyin cuta cikin gwiwar ƙarfe ba ta da yawa, kamar mutum 1 zuwa 2 cikin 100, amma suga in ya hau yana buɗe mata ƙofa, kuma ƙurji a ƙafa ko ruɓaɓɓen haƙori ko ciwon fitsari duk hanya ce. A kan wannan dalilin nake roƙo, ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da sakiya a kan wannan ƙafar, komai ƙwarewar mai yi. Na san matsayin ƙaho a wurin mutanenmu a nan. In tana so a wani wurin a jiki, a tambayi likita tukuna, musamman in har yanzu tana shan maganin tsinka jini. Gashi da ruwan zafi ma a dakata, kumburi yake ƙarawa. In abu ya shige muku duhu da dare, layin 937 na ma'aikatar lafiya yana amsawa.

Sai gida. Rayuwarmu a nan a ƙasa take: majalisa a ƙasa, a shimfiɗa leda a ci abinci a ƙasa, katifa a ƙasa, a tsofaffin gidaje banɗakin ma na tsuguno. A samar mata kujera mai tauri mai hannu, wadda in ta zauna ƙugunta ya ɗan fi gwiwarta tudu, da gado, da masai na zama, da abin kamawa a bango, da kujerar roba don wanka da alwala. Tayil mai ruwa a wurin alwala ya fi komai kayar da tsofaffi. Wani abin kuma sai kun danne zuciyarku: ku daina yi mata komai. Na san tarbiyyarmu, uwa ba ta miƙewa ɗauko ruwa 'ya'ya na zaune. Amma kowane tashi daga kujera magani ne a gare ta. Ku bar ta ta je kicin ta duba tukunya, ta ɗauko carbinta da kanta, ku dai ku kasance kusa. Kada ta wuce awa guda a zaune da rana ba ta miƙe ba.

Tafiya ana ƙara ta ne da ma'auni guda, wato yadda gwiwar ta kwana. In yau ta yi minti goma, gobe da safe kumburi da ciwo sun koma yadda suke jiya, to an yi daidai, bayan kwana uku ko huɗu a ƙara minti biyu ko uku. In ta tashi gwiwar ta fi jiya cika da tauri, an zarce, a koma baya kwana biyu, amma ba a kwanta ba. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko nisa, ko sauri, ko tudu. Makka gari ne na duwatsu da gangara, ga rana, don haka a fara a cikin gida, sannan fili mai laushin taku bayan Asuba ko bayan Isha'i, ko cikin manyan kantunan nan masu sanyi da safe kafin a cika. Inda ake son kaiwa a hankali shi ne minti 150 a mako, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane babba da shi. Tafiya, keke, da motsa jiki cikin ruwa a wuraren mata in tabon ya rufe sarai, duk gwiwar ƙarfe tana son su. Gudu da tsalle da ɗaukar kaya masu nauyi a bene ne ba ta so. Hawan Dutsen Nur zuwa kogon Hira, in 'yan'uwa sun zo daga gida suna son rakiya, ta yi musu addu'a daga ƙasa.

Mu zo ga sujada, don na san ita ce ke hana ta barci fiye da ciwon. Zan raba ta gida biyu, abin da jiki zai iya da abin da addini ya nema, na biyun kuma malamai ne masu shi, ni tunatarwa kawai zan yi.

Yawancin gwiwoyin da aka sauya suna tsayawa ne tsakanin digiri 110 da 125. Zama a kan diddige irin na tsakanin sujada biyu da na tahiya yana cin 150 ko fiye. Ke nan akasarin waɗanda aka yi wa aikin ba sa komawa wannan zaman yadda suka saba, kuma ba na son a tilasta wa gwiwar, a hau kanta da nauyin jiki don a ga ta kai. Ita sujadar kanta, sa goshi a ƙasa, ba ta cin lanƙwasa kamar zaman. Wahalarta a wuri biyu take: dora nauyi a kan tabon, da sauka da tashi. Durƙuso a kan gwiwar ƙarfe ba a tabbatar yana lalata ta ba, amma da yawa ba sa jin daɗinsa, wasu saboda zafi, wasu saboda baƙon yanayin da fatar ke ba su. Akwai waɗanda na gani sun koma sujada a ƙasa bayan wata shida ko shekara, suna zama da ƙafar a ɗan miƙe gefe. Akwai kuma waɗanda suka zauna a kujera har yau, kuma aikinsu ya yi kyau ƙwarai. Ba zan yi wa Hajiya alkawarin ɓangaren da za ta faɗa ba, sai dai 85 ba ta kai mutum ko'ina, 120 kuwa tana buɗe ƙofa. In kuna neman abin da zai sa ta jure atisayen, wannan ne.

In lokacin ya yi, bayan wata uku aƙalla kuma da izinin likitanta, ba a darduma ake farawa ba. Ana fara murza tabon da mai kullum don fatar ta saba da taɓi. Sannan ta dora gwiwar a kan katifa ko kujerar falo tana tsaye da ɗaya ƙafar, daƙiƙa kaɗan. Sannan matashi mai kauri a ƙasa, kujera mai ƙarfi a gabanta tana dafawa. A koya mata tashi kafin a koya mata sauka, don wadda ta sauka ta kasa tashi ba za ta sake yarda ta gwada ba.

Ta fuskar addini kuwa, hadisin Imrana ɗan Husaini yana cikin Bukhari. Basur ne ya dame shi, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Abin da nake gani a masallatai shi ne mutum ya samu kujera sai ya zauna tun daga kabbarar harama har sallama, alhali yana iya tsayuwa. Ku tambayi malaminku, za ku ji cewa abin da aka gaza shi kaɗai ake sauyawa. Hajiya tana iya tsayuwa, tana iya ruku'u, sai ta yi su, ta zauna a kujera ta yi nuni don sujada. Ni kuma ta ɓangarena ina murna da haka, don tashi da zama a kowace raka'a, sau biyar a yini, atisaye ne da ba sai an tuna mata ba. A kula da 'yan kujerun nan masu naɗewa, gajeru ne kuma ba su da hannu, tashi daga kansu yana wahalar da sabuwar gwiwa.

Umra kuma, mu yi lissafi. Tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ya kai kimanin kilomita 3, da ɗan tudu a kowane ƙarshe. Ɗawafi a kusa da Ka'aba gajere ne amma nan ne turereniya take, a saman bene kuwa da sarari amma zagayen ya ninka sau da yawa. Ki haɗa da tafiya daga inda mota ta sauke ku, da tsayuwar jira, da komawa, ba wuya a haura kilomita 5, a kan marmara mai tauri. Sa'ar da ta yi, sassarfar zagaye ukun farko da gudun tsakanin korayen fitilu na maza ne. Lokacin azumi za ta kasance wata biyar da aiki. Mai wata biyar da komai ya tafi mata daidai tana iya wannan nisan. Abin da nake tsoro ba nisan ba ne, cunkoso ne: a tura ta ta baya, ƙafa a kafe jiki ya juya, ko ta taka inda ruwan Zamzam ya zube. Faɗuwa a kan gwiwar ƙarfe tana iya karya ƙashin da ke riƙe da ƙarfen, gyaran wannan kuwa ya fi aikin farko wuya.

Ga gwajin da nake ba mutane. Ta iya tafiyar minti 45 zuwa awa guda ba hutawa, sau uku a mako, mako biyu a jere, gwiwar ba ta yi fushi washegari ba. Ta iya tashi daga kujera ba dafawa sau 12 cikin daƙiƙa 30. Ta iya tsayuwa a kan ƙafar da aka yi wa aiki daƙiƙa goma. In ta cika waɗannan kafin azumi, ta yi Umrarta a farkon wata ko tsakiyarsa, a lokacin da jama'a suka ragu, namiji a bayanta, ke a gefenta, da safa mai kama ƙasa, keken marasa lafiya kuma yana biye ko da ba za a hau ba. Goman ƙarshe da ƙafa, a bana, ban yarda ba ko ta ci gwajin. In ba ta cika ba, ta yi a keke. Akwai na turawa, akwai masu lantarki, ku duba tsarin izini a manhajar Nusuk kafin ku fita. In ta ce ladan zai ragu, ku tuna mata Ummu Salama, uwar muminai, da ta kai kukan rashin lafiya aka ce mata ta yi ɗawafi ta bayan mutane tana bisa abin hawa, kuma shi kansa Manzon Allah ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin bankwana. Ana iya rabawa ma, ta taka abin da ta iya na sa'ayi ta hau keke a sauran. Ku da kuke zaune a Makka Allah ya hutar da ku, ba biza kuka biya ba balle ku ce dama ɗaya ce. Bayan alhazai sun watse Harami yana yin sarari, lokacin kuma ta doshi wata tara ko goma.

Azumin kansa, tunda akwai suga, maganar likitan suga ce, kuma a gan shi tun saura mako shida zuwa takwas don a gyara magunguna. Abin da ya shafe ni shi ne magungunan ciwo irin su ibuprofen da diclofenac, da mutane ke sha kamar gyaɗa: a cikin da babu abinci da jikin da babu ruwa suna taɓa ƙoda da tumbi, ga mai suga abin ya fi muni. Atisaye mai nauyi a mayar da shi bayan buɗa-baki, na miƙewa da lanƙwasawa kuwa a ci gaba da shi da rana. Tarawihi ta tsaya iya ƙarfinta ta zauna a sauran. A kuma lura da sambusa da luƙaimat, domin kowane kilo ɗaya da ya ƙaru a jiki, gwiwa tana jin sa kamar kilo huɗu a kowane taku.

Kan ko aikin zai daɗe, wani babban nazari da masana na Jami'ar Bristol ta Ingila suka fitar a mujallar Lancet a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka sauya gaba ɗaya suna kaiwa shekara 25 ba a sake taɓa su ba. Mai shekara 63 tana da kyakkyawan zaton wannan ce ta farko kuma ta ƙarshe a wannan ƙafar.

In za ku wurin likitan, ku tafi da takardar masu fisiyo mai ɗauke da awon kowane zuwa, da sakamakon gwajin suga na wata uku, da duk magungunan da take sha a leda guda. Ku tambaye shi digiri nawa gwiwar ta kai a hannunsa ranar aiki tana barci, don wannan ne zai nuna muku iyakar da ake fata. Ku tambaye shi ranar da zai yanke shawara a kan lanƙwasawa cikin barci in lambar ba ta motsa ba, ya faɗa muku rana takamaimai. Ku kuma roƙe shi ya duba gwiwar hagu, don ita ke ɗauke da Hajiya tun kafin aikin, kuma in ita ma ta cinye, tsarin atisayen da na zayyana sai an sassauta shi. Ɗaya daga cikin yayyen naku da suka ce a huta, a tafi da shi ya ji da kunnensa.